Wandon Jo da Tuwon Malam

Ni ba karatu ne ya kai ni Ingila ba, ba kuma yawon buɗe ido ba. Tuwo ne ya kai ni. Maigidana malamin daji ne a Falgore, En'e ta tura shi can ya ƙaro ilimin itatuwa, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Bai cika wata biyar ba tarin fuka ya kwantar da shi. Daga nan kuma ya daina cin abinci, don ya leƙa ɗakin girkin asibitin ya ga da kitsen alade suke suya. Likitansa ya rubuto wa Baturen daji cewa magani ba ya kama wanda ba ya ci, in akwai mai iya sa shi ya ci a turo shi. Aka duba dangi kaf, daga Ƙafin Maiyaki har Burumburum, maza duk suka noƙe. Na ce ni za ni. A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Sai da na aurar da 'yata ta biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci a Tudun Wada, shi ya sa yau nake rubuta wannan da hannuna, ba mai gyara mini labari.

Zangon farko Tarabulus ne, inda jirgin sama ya sauka shan mai da sassafe. Aka ce mu fito mu miƙe ƙafa. Iska ta buge ni, na ce a raina, ashe wannan ɗan ɗarin ne ake ta ba ni tsoro da shi? Ina da bargon da Innata ta ba ni, na gashin tumaki, saƙar hannu, wanda ta gada wajen mahaifinta. Innata Bafillatana ce, a ruga na tashi. Na ƙudundune a cikinsa, ban ji komai ba. Wata Balarabiya mai shara ta ga ina waige-waige, ta kama hannuna ta kai ni bayan wani ɗaki, ta zuba mini ruwa a gwangwani, ta nuna mini alƙibla. Daga ita ban sake haɗuwa da wanda ya san abin da nake nema ba tare da na yi ta nuni kamar bebiya ba.

A Landan wata Baturiya da muka zo jirgi ɗaya ta kai ni tashar jirgin ƙasa, ta zaunar da ni a benci, ta nuna wa wani mai hula takardar da aka rataya mini a wuya kamar laya, ta tafi. Ina zaune ina mita ni kaɗai, sai na ji sallama a kaina.

"Salamu alaikum, 'yar'uwa. Hausa nake ji, ko kunnena ne?"

Dogo ne baƙi, da malafar Turawa. Ya ce Sajan ake ce masa, tsohon soja ne, shekararsa goma a garin. Hausarsa ta bariki ce, amma wallahi saura kaɗan in yi kuka don daɗi. Ya duba takardar wuyana ya yi fito.

"Can arewa za ki? Inda ruwa ba ya ɗaukewa? Da wannan bargon? Haba Hajiya! A nan doki ake lulluɓa wa irinsa."

"Ni ba Hajiya ba ce."

"Za ki zama, in sanyi bai kashe ki ba. Taso, jirginki da saura."

Ya kai ni wani lungu bayan tasha, kantin tsofaffin kaya. Ya ciro mini kwat doguwa har idon sawu, an cusa mata auduga kamar katifa, da takalmin roba mai kaiwa gwiwa. Ya ce bargon ya isa musaya, shi zai san yadda zai yi da mai kanti, don zumunci. Na yi ta godiya. Yadda ya ninke bargon nan a hankali ya rungume shi kamar jariri, da ina da wayo a nan zan gane ba wa doki zai kai shi ba.

Jirgin ƙasa ya wuni yana tafiya. Hayaƙi, gidaje manne da juna kamar haƙora, sannan hayaƙi kuma. Can da la'asar gidaje suka ƙare, sai tuddai, da katangun dutse, da tumaki birjik ba makiyayi. Na ga shanu, gajeru, ba tozo, ba ƙaho, suna tsaye cikin yayyafi ba mai kula su. Ban yi kuka ba da na bar 'ya'yana huɗu wajen Inna. Shanun nan ne suka sa ni kuka.

Masaukina gidan gona ne a gindin wani tudu. Mai gidan tsohuwa ce, gwauruwa, sunanta ya fi ƙarfin harshena, na ce mata Iya, ta amsa. Tana zaune da ƙanenta Jo, shi ma furfura ta cika masa kai, siriri kamar sandar kiwo, shi ke kula da tumaki. Asibitin yana bayan tudun. Motar haya tana zagayawa can sau biyu, da safe da yamma, duk ba lokacin ziyara ba ne. Ranar farko kaɗai Jo ya kai ni a keken doki, don ba kullum zai bar tumakinsa ba.

Na wuce gadon Malam, maigidan nawa, ban gane shi ba, sai da ya kira ni.

"Hansai? Ke suka turo?"

"Wa kake so a turo? 'Yan'uwanka duk sun ce dawarsu ba ta gama nuna ba."

"Sannu da hanya. Yaya yara? Yaya Inna?"

"Suna gaishe ka. Malam, me ka mai da kanka haka? Ko kare ya tsinci wannan ƙashin ba zai tsaya ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ba zan gamu da Ubangijina da alade a cikina ba."

"To a yadda kake tafiyar nan ai da wuri za ka gamu da Shi."

Shugabar nas-nas ɗin ɗakin, wadda kowa yake ce wa Sista, ta zo ta tsaya a kanmu ta jero dokokinta, Malam yana fassara. Ziyara daga ƙarfe biyu zuwa uku ce, ba ƙari. Mai tari ko mura ba ya shiga. Mai jiƙaƙƙun kaya ba ya shiga, don ƙirazan mutanen nan ba sa son laima. Da ta gama, Malam ya ƙara tasa dokar wadda ba ta faɗa ba: ba zai ci komai ba sai abin da ya fito daga hannuna zuwa hannunsa. In ya bi ta hannun wani, wa ya san tukunyar da aka ɗumama shi a ciki?

Na zo da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da barkono, ƙulle cikin tsumma. Iya ta samo mini wani garin alkama mai tsaki-tsaki, yana tuƙuwa. Nama ban taɓa shi ba tunda ba mai yanka, sai ƙwai da kifi. Madara kuwa ga ta nan kamar ruwa, na kafa kindirmo, na kaɗa man shanu da kaina don kada Malam ya sami abin zargi. Ranar da na fara jefa daddawa a tukunya Iya ta buɗe tagogi duka, kyanwarta ta bar gidan.

Matsalar ita ce murhu. Guda ɗaya ne, na ƙarfe, kuma ba ya samuwa sai an sauke abincin rana na masu aikin gona. Kafin in tuƙa, in kaɗa miya, in zuba a langa, ƙarfe ɗaya da rabi ta yi. Ban iya duba agogo ba. Iya ta ɗora yatsa a kan na bango, ta nuna mini in dogon hannu ya sauko ƙasa, in fita. Tafiyar ƙafa ta kan tudun awa guda ce. Ke nan in na taka a hankali zan isa saura rabin lokaci, tuwo ya sandare, shi kuma maƙogwaronsa ba ya haɗiye mai sanyi. Sai gudu.

Gudu bai ba ni tsoro ba. Tun ina yarinya nake gudu da ƙwaryar nono a ka daga ruga zuwa kasuwar Burumburum, ko ɗigo ba ya zuba. Na naɗa gammo, na ɗaure langa cikin tawul, na aza. Kwana uku na farko hadari ne kawai ba ruwa. Na isa a kan lokaci. Ranar farko loma uku ya yi. Rana ta uku ya ci rabin malmala, ya sha kindirmo. Sista ta dube ni ta gyaɗa kai sau ɗaya.

Rana ta huɗu ruwa ya sauko. Ruwansu ba irin namu ba ne da zai yi gari baƙi, ya yi tsawa, ya zuba ya wuce. Nasu siriri ne, a karkace yake zuwa, ba sallama, kuma zai wuni ya kwana ya sake wuni. Sanyinsa ba ɗari ba ne mai tsaga leɓe. Wannan cikin ƙashi yake shiga ya zauna.

Na yi abin da hankalina ya ba ni. Na ɗaura zane huɗu, riga uku, na yafa mayafi biyu, na ɗora kwat ɗin Sajan, na zura takalmin roba. A bakin ƙofa na ji ɗumi, na ce alhamdu lillahi. Jo yana gyaran shinge, ya ɗago ya kalle ni, ya koma kan aikinsa.

Kafin in kai rabin hawa gumi ya jiƙa ni ta ciki, ruwa ya jiƙa ni ta waje, suka haɗu a tsakiya. Kwat ta sha ruwa ta koma kamar na goya mataccen bunsuru. Zannuwan suka naɗe mini ƙafa, kowane taku sai na yi kokawa da su. Takalmin ya yi mini yawa, ruwa yana gangarowa ta sama yana cika shi, dunduniyata tana gogawa har ta saluɓe. A saman tudun iska ta same ni, duk gumin nan ya koma ƙanƙara a bayana. Na isa saura kaɗan a rufe, ruwa yana tsiyaya daga jikina kamar indararo. Sista ta tsaya a ƙofa ta ce a'a. Wannan kalmar kam na riga na koye ta. Ta karɓi langar da kanta ta kai masa. Ba a jima ba ta dawo da ita ko buɗewa ba a yi ba.

Na koma gida ina zagin kaina. Na ce, Hansai, ke da aka haifa a ruga, yaushe kika taɓa tarar ruwa da tulin kaya? A wajenmu in ruwa ya tare mace a hanyar kasuwa, zanen kirki take kwancewa ta ninke ta sa a ƙwarya ta kife da faifai, ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta ruga da tsohon zane ɗaya. In ta isa ta goge jiki ta ɗaura busasshe. Fata ai ba ta jiƙewa ta ciki. Haka muka tashi muka ga ana yi.

Washegari haka na yi. Zane ɗaya, riga ɗaya, ba takalmi. Busassun kaya na ƙulle su a ɗan buhun roba na Iya na ɗora a kan langa. Iya ta biyo ni har ƙofa tana ɗaga murya, na ɗaga mata hannu na wuce.

Gudun kam ya yi daɗi da farko, kamar an kwance ni daga turke. A kan tudun ne na daina jin ƙafafuna. Ina ganin suna taka dutse, ba na ji. Rigar ta manne mini a ƙirji kamar an shafa mini laka mai sanyi. Na isa da wuri, na shiga ɗakin wanke hannu in sake kaya, yatsuna suka ƙi kwance ƙullin. Da haƙori na kwance. A ƙasan ɗakin na ga jini, ashe na yanke a tafin ƙafa ban sani ba. Na shiga a bushe, Malam ya ci, amma haƙorana suna ta haɗuwa.

"Lafiyarki, Hansai?"

"Ci tuwonka."

Kafin magariba zazzaɓi ya rufe ni. Da safe na tashi da tari.

Kwana shida na yi a kwance. Iya ta cika ni da faɗa, ta wanke mini ƙafa, ta naɗe, ta cika wani tulun dutse da ruwan zafi ta tura mini cikin bargo. Tana ba ni madara mai zafi da zuma a cokali kamar jinjira. Rana ta uku na rarrafa na tuƙa tuwo, Jo ya bar tumakinsa ya kai. Ya dawo ya ajiye langar a tebur yadda na ba shi. Ya dube ni, ya zagaye wuyan hannunsa da yatsu biyu, ya matse, ya nuna mini yadda na Malam ya koma. Sannan ya miƙo mini 'yar takarda da ajami, wannan kam ina iya haɗawa kaɗan-kaɗan tun makarantar allo. Malam ya ce kada in damu, yana shan ruwan shayi. Ya ce likita ya ce in aka sake ɗora shi a sikeli ya ragu, ba za su iya yi masa aikin da suke shiri ba. Ya ƙare da cewa komai nufin Allah ne. Na ce haka ne, amma taurin kai naka ne.

Ranar da tarin ya tsaya, Jo ya yafito ni waje, wajen kwamin da tumaki suke shan ruwa. Yana riƙe da tsumma biyu: ƙyallen tsohon zanena na auduga, da hannun wata tsohuwar rigar ulu. Ya tsoma su duka a ruwan nan mai sanyi, ya matse, ya naɗa mini ɗaya a damtsen dama, ɗaya a na hagu. Ya juya ni na fuskanci iska, ya cusa hannuwansa a aljihu, ya tsaya yana kallon tumakinsa. Ba a daɗe ba hannun da ke da auduga ya fara zugi kamar ana yanka shi. Na ulu kuwa a jiƙe yake, amma sai ɗumi yake tarawa. Na dube shi, ya dube ni. Ya nuna wata tunkiya tana kiwo cikin yayyafi hankalinta kwance, ya ɗaga kafaɗa.

Duk karatun da na yi daga baya, ban taɓa samun malamin da ya koya mini abu da sauri haka ba. A nan ne na tuna bargon Inna. Na tsaya a tsakar gidan mutane na zagi Sajan har kakansa na bakwai, Jo yana gyaɗa kai kamar yana ji.

Iya ta nuna mini wani hoto a bango, saurayi da gajeren wando, laka har cinya, yana riƙe da kofin gasa. Jo ne. Ashe a ƙasarsu har gasa ake yi ta gudu a kan tuddai cikin ruwa, ba kura ce ta biyo mutum ba, ba gobara ba. Ya shiga ɗaki ya fito da ƙunshi ya baje a tebur, yana ɗaga kowanne yana nuna inda ake sa shi. Singiletin ulu mai dogon hannu, shi ne a jikin fata, ba komai a ƙarƙashinsa. A kansa suwaita ɗaya, marar kauri. A sama 'yar riga gajera iya ƙugu, ta wani yadi mai maiƙo da ruwa ba ya ratsawa, ya nuna mini in na ji ɗumi in ɓalle maɓallin wuya gumi ya sami hanya. Safar ulu, da takalmin fata marar nauyi mai ƙusoshi a ƙasa don santsi, na Iya ne tun tana budurwa. Safar hannu. Hular ulu da za ta rufe kunne, gammo ya hau kanta. Ya kawo wani maiƙo a gwangwani ya nuna a shafa a yatsun ƙafa da inda kaya ke gugar jiki. Na sunsuna, ban yarda da shi ba, na ɗauko man shanuna. Ya ce to.

Na ƙarshe da ya ɗaga wando ne. Dogo, na ulu, mai kama ƙafa. Nasa.

Na ce a'a da harshensu. Ya ajiye, ya fita.

Na daɗe zaune ni da wandon nan. Wandon namiji, namijin ma ba muharramina ba, ba kuma Musulmi ba. Ni da ko a gona ba a taɓa ganin ƙwaurina ba tun da na yi aure. Kuma matar wa? Matar mutumin da ya zaɓi yunwa a kan kitsen da bai ma tabbatar yana cikin kwanonsa ba. Na gwada ɗaura zane a kan sauran kayan na zagaya gidan da gudu, kafin in dawo ya jiƙe ya fara naɗe ni. Na shigo na ɗauki wandon na wanke shi sau uku, na shanya a jikin murhu. Da ya bushe na sa, na ɗaura fatari a kai iya gwiwa. Iya ta kalle ni ta toshe baki da gefen rigarta, kafaɗunta suna rawa. Na ce, "Yi dariyarki, Iya, ba ke za a binne wa miji a ƙasar da ba mai yi masa salla ba." Na ƙudura Malam ba zai sani ba. Zan sake kaya kafin in shiga, shi ke nan.

Dogon hannun agogo ya sauko. A bakin ƙofa sanyi ya kama ni, na juya zan ƙara mayafi. Jo ya tare hanya, ya girgiza kai, ya nuna mini wata ƙofar shinge can a rabin hawa, ya yi kamar yana share gumi. Na ji haushi amma na bi. Daidai ƙofar nan jikina ya ɗau ɗumi, na ɓalle maɓallin wuya. Wanda ya ji ɗumi tun daga bakin ƙofa, kayansa sun yi yawa. Safata ta jiƙe tun a kududdufin farko, amma yatsuna suna nan da rai. Iskar saman tudu ta zo ta bugi rigar nan ta wuce. Na gangara kamar ina da shekara goma sha biyar.

Ina sauka sai na ji tafi da fito. Abin da ban sani ba, a kwanakin da nake kwance an fara turo gadajen marasa lafiya baranda da rana su sha iska, wai yana cikin magani. Barandar kuwa tudun take kallo. Maza sun kai ashirin, a jere cikin jajayen barguna, suna ta buga hannu suna ihu. Ɗaya ne kawai ba ya tafi.

Na shiga na sake kaya, na ɗaura zanena mai kyau, na yafa mayafi. Sista ta taɓa kafaɗata ta ji a bushe, ta sa na ja numfashi, ta kasa kunne, ta matsa gefe. Na ajiye langa na buɗe, tururi ya tashi. Malam bai kalli tuwon ba. Idanunsa sun faɗa, muryarsa da ƙyar take fita.

"Sannu da jiki, Hansai."

"Yauwa. Kai ma sannu. Bisimilla."

"Ɗazu na ga wani ƙato ya gangaro da langa irin tamu a ka."

"Allah Sarki."

"Da wando."

"Malam, tuwo yana hucewa."

"Wandon wa?"

"Na Jo. Na wanke shi sau uku."

Ya rufe ido. "Maza ashirin suna yi wa matata tafi. Ban yarda ba. Gara ki zo a makare da zanenki. Gara ma kada ki zo."

Na mai da murfin langar na rufe, a hankali, don kada Sista ta ji. Na matso da kujera har gwiwata ta taɓa gadon.

"To saurara, Malam. Na zo da zane huɗu, aka hana ni shiga. Na zo da zane ɗaya, na kwanta kwana shida, kai kuma ka koma haka. Saura me? Ka ce ba ka ci sai daga hannuna, na ji. Hannun nan a jikin ƙafa yake zuwa, ƙafar kuma sai da wandon take isowa. In ka mutu a nan wa zai yi maka wanka? Jo? Wa zai tsaya a gaba ya yi kabbara, Sista? In koma in ce wa 'ya'yanka me, ubanku ya rasu amma ba a ga ƙwaurin uwarku ba? Kai ne malami, ni jahila ce. Ba ni fatawa, amma ka yi sauri, saura rabin awa a rufe."

Ya juya fuskarsa gefe. Na gadon kusa da shi, wani jan Bature mai ƙaton hanci, ya leƙo yana murmushi ya ɗaga mini babban yatsa. Na harare shi ya koma cikin bargonsa.

Can Malam ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "An ce lalura tana halatta abin da aka hana."

"Ashe ka san da wannan, ka bar kanka ka zama ƙashi?"

"Hansai."

"Na yi shiru."

"Buɗe."

Na buɗe. Ya wanke hannu ya yi bisimilla. Loma ɗaya, ya huta. Ta biyu. Na kau da kai ina kallon ruwan da ke zuba daga rufin baranda, ina jin ƙarar haɗiyarsa. Da na waiwayo yana suɗe gefen langa da yatsa. Sista ta zo wucewa ta leƙa, ta ɗauki langar ta juya ta ƙasa, ta ɗaga wa sauran nas-nas su gani.

Da aka kaɗa ƙararrawa na miƙe ina ɗaure kaya, ya kama bakin mayafina.

"Gobe ki ƙara barkono."

"To."

"Fatarin kuma, ki sauke shi ƙasa kaɗan."

"In na sauke zai naɗe ni."

"To yatsa biyu."

"Yatsa ɗaya."

Na yi wata huɗu ina hawa tudun nan, cikin ruwa, cikin ƙanƙara, ban sake yin ko atishawa ba. Kullum in na dawo in cusa tsohuwar jarida a takalmi ya tsotse laima, in shanya ulu nesa kaɗan da wuta don kada ya ƙanƙance. Sikeli ya daina sauka, sannan ya fara hawa. Aka yi masa aiki, ya tashi. Muka dawo gida ana shirin shuka.

Ya ƙara shekara ashirin da wani abu a duniya. Ya ba da labarin Ingila a ƙofar gida, ya ba da a masallaci, ya ba jikoki: jirgin ƙasa, da tumaki, da likitan da ya tsaga masa ƙirji. Duk wanda ya tambaye shi me ya tashe shi, sai ya ce ikon Allah da tuwon Hansai. Yadda tuwon yake isowa da zafinsa kuwa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai gaya wa kowa ba. Ni ce yau na faɗa.